Lambar da ke hana janareta shaƙewa: tarihin ƙayyade cajin batir a inbata

Wataƙila ka taɓa ganin wannan abu a gidanka ko a shagon maƙwabcinka. Hazo ya rufe rana kwana uku, farantan sola ba su cika batir ba, inbata ta fara kuka tana nuna wuta ta yi ƙasa. Aka ja igiyar ƙaramin janareta, ya tashi lafiya lau, aka jona shi. Bayan 'yan daƙiƙu sai ka ji "ƙas" a cikin inbata. Nan take muryar janareta ta sauya, ya soma gurnani kamar an shaƙe shi, ƙwan fitila ya dushe. Sai wani "ƙas" ɗin, inbata ta sake shi, ya dawo hayyacinsa. Bayan rabin minti a sake maimaitawa. Haka za a yi ta kama-saki, fetur na ƙonewa, batir bai samu komai ba. Wani lokacin ma labarin yakan ƙare ne da warin ƙonewar koyil da tafiya wurin mai naɗi.

Yawanci a nan ake fara zargi. Wannan ya ce janaretan jabu ne, wancan ya ce inbatar ce ba ta son wutar inji. Sau da yawa kuwa dukansu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya haɗa su faɗa lamba ɗaya ce a cikin saitin inbata, wadda ke faɗa wa cajar da ke cikinta yawan wutar da za ta ja ta zuba wa batir. Kamfani ya saita ta don wutar layi, kai kuma ka jona mata ɗan injin da mutum ɗaya ke ɗauka da hannu. Yau za mu bi tarihin wannan lamba, domin idan ka san inda ta samo asali, za ka san yadda ake zaɓenta ba tare da cankawa ba.

Kafin mu tafi, riƙe ma'aunai uku. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, kamar matsin ruwa a tiyo. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke fita. Idan ka ninka bolt da amfiya sai ka samu wat, wato ainihin aikin da wutar ke yi. Shi ke nan, da waɗannan ukun za mu yi tafiyar.

Batir ba ya cewa a rage masa

A shekarar 1859 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ya naɗe fallayen dalma biyu ya tsoma su a ruwan asid, ya samar da batir na farko da ake iya yi wa caji a sake amfani da shi. A 1881 Camille Faure ya inganta shi ta hanyar shafa wa fallayen ƙullun sinadarin dalma, abin da ya sa aka iya ƙera shi da yawa a masana'anta. Batirin motarka da dogayen baturan inbata masu ruwa duk jikokin wannan ne.

Tun a wancan zamanin masu aiki da shi suka lura da halinsa. Batirin da ya yi ƙasa kusan ba ya tare wutar da ke shigarsa. Ka ɗaga turin wuta kaɗan sama da nasa, sai amfiya ta kwarara da yawa. Ba shi da bakin cewa ya isa haka, sai dai ya yi zafi, ruwansa ya tafasa, fallayensa su lanƙwashe. Saboda haka tun ranar farko dole wani abu daga waje ya tsaya ya auna masa abincinsa. A tashoshin wuta na ƙarshen ƙarni na 19, wannan abin mutum ne: ma'aikaci yana tsaye gaban allo, idonsa kan allurar ma'aunin amfiya, hannunsa kan maɓallin da ke ƙara ko rage wuta.

Lokacin da inji da batir suke 'yan gida ɗaya

Da batir ya shiga mota, babu halin a ɗauki ma'aikaci ya zauna yana kallon allura. A 1912 injiniya Charles Kettering na Amurka ya sa wa motar Cadillac tsarin tayar da inji da lantarki, a 1919 kuma kamfanin Ford ya fara sa irinsa a motarsa Model T. Yawancin dainamon motocin wancan lokaci suna da wata dabara da ake kira buroshi na uku, wato ƙarin guntun gawayi da ke goga jikin dainamon. Idan makanike ya matsar da shi gaba, caji ya ƙaru. Idan ya dawo da shi baya, caji ya ragu. Direbobi kan ƙara shi lokacin sanyi da ake yawan kunna fitila, su rage shi da bazara. Mai doguwar tafiya da rana kuwa yakan kunna fitilun gaba da gangan don su sha rarar wutar, kada batir ya tafasa. Ka ga kenan kakan lambar da muke magana a kai guntun gawayi ne da ake matsarwa da hannu.

Kettering ɗin nan dai shi ne ya kawo wa manoman Amurka abin da ya fi kama da tsarinmu na yau. A 1916 kamfaninsa da ke Dayton, jihar Ohayo, ya fitar da Delco-Light: ƙaramin inji mai silinda ɗaya da ke iya shan kananzir, haɗe da janareta, da jerin batura 16 cikin tulunan gilashi. Kowane ɗaya bolt 2 ne, jimla bolt 32. Manomi ya danna maɓalli, batir ya tayar da inji, inji ya cika batir ya mutu da kansa, iyali su kwana da fitila babu ƙara. Wani samfurinsa da ya yi suna wat 850 yake bayarwa, wato kusa da ƙarfin ƙananan janaretocin da ke ƙofar shagunanmu.

To me ya sa wannan injin bai shaƙe ba kamar naka? Dalili biyu ne. Na farko, kamfani ɗaya ne ya ƙera inji da janareta ya kuma zaɓi girman batir, an auna su tare tun daga masana'anta. Na biyu, wutarsa miƙaƙƙiya ce irin ta batir, wadda masu gyara ke kira DC, kuma kai tsaye take shiga batir babu ɗan tsakani. Idan batir ya nemi ja fiye da kima, turin janaretan yakan sauka, da ya sauka kuma abin da batir ke ja ya ragu da kansa. Inji ne ke yanke gudun tafiya, batir na biye. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da ya ɓace daga baya.

Rabuwar gida

A tsakiyar shekarun 1930, kimanin gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wutar layi a Amurka. Gwamnati ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, majalisa ta yi mata doka a 1936, cikin shekaru ashirin turakun wuta suka isa kusan kowace gona. Injinan bolt 32 suka koma kwandon tarihi.

Wutar layi kuwa iri daban ce. Mai kai-komo ce, wadda ake kira AC, tana sauya fuska sau da yawa a kowace daƙiƙa. Tamu ta Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi a daƙiƙa, a kan bolt 220 zuwa 230. Batir ba ya cin irin wannan sai an miƙar masa da ita, don haka aka samu sabon ɗan tsakani, wato caja. Akasin wannan aikin, mayar da wutar batir ta koma mai kai-komo, shi ne aikin inbata. Sunan ya bazu ne daga wata maƙala da injiniya David Prince na kamfanin General Electric ya wallafa a 1925. Inbatocin farko da kwalaben gilashi ko ƙarafa masu karkarwa suke aiki, sai da aka samu taransisto a 1947 da danginsa masu ɗaukar babbar wuta a ƙarshen shekarun 1950 kafin abin ya fara ƙanƙancewa.

Abin lura a nan shi ne, duk cajar da aka ƙera a waɗannan shekaru an ƙera ta ne da tunanin wutar layi. Ita kuwa wutar layi kamar kogi ce. Cajarka ta ja wat dubu biyu a lokaci guda, manyan injinan Kainji ko Shiroro ba za su ma san an yi ba. Saboda haka mai ƙera caja tambaya ɗaya kawai yake yi: nawa batir zai iya ɗauka? Bai damu da tambayar nawa mai bayarwa zai iya bayarwa ba, don a wurinsa mai bayarwa ba ya gajiya.

A gefe guda kuma janareta yana tasa tafiyar. A 1965 kamfanin Honda na Japan ya fitar da E300, ɗan janareta mai wat 300 da ake ɗauka kamar jaka. Shi da waɗanda suka biyo bayansa an yi su ne don fitila, rediyo da ƙananan kayan aiki, kuma wutar AC suke bayarwa don su kwaikwayi layi. Inji da batir da suka taso gida ɗaya sun rabu kenan, kowa da kamfaninsa, kowa da abin da aka tsara shi a kai.

Inda suka sake haɗuwa

Farantin sola na zamani an ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell a 1954, yana mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa wuta, kuma saboda tsadarsa tauraron ɗan'adam ne ya fara cin moriyarsa. A shekarun 1970, musamman bayan tashin farashin mai na 1973, matasa da yawa a Amurka suka bar birane suka koma dazukan arewacin Kalifoniya inda babu turakun wuta. A 1978 aka buɗe shagon Real Goods a garin Willits, ɗaya daga cikin wuraren farko da talaka ya iya sayen farantin sola ya kai gida. A 1987 Richard Perez da matarsa Karen suka fara buga mujallar Home Power, inda mazauna irin waɗannan gidaje ke musayar dabaru.

Matsalarsu irin taka ce. Mu hazo da damina ke rufe mana rana, su kuma lokacin sanyi ne ke zuwa musu da gajimare da ruwa na makonni. Dole a tayar da janareta a cika batir. Kamfanoni irin su Trace Engineering da Heart Interface, dukansu a jihar Washinton, suka fara haɗa inbata da caja da makunnin sauya layi a akwati ɗaya. Wannan akwatin shi ne uban inbatar da ke jikin bangonka. A nan ne caja mai tunanin kogi ta gamu da janareta mai ruwan randa, aka fara jin gurnanin nan da kama-saki.

Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne su mayar wa mai gida da buroshi na uku, amma a siffar lamba. A tsakiyar shekarun 1990 Trace ta fitar da jerin inbatocinta na SW, masu ɗan allo da maɓallai. A ciki kana faɗa wa na'urar amfiya nawa janaretanka ke iya bayarwa, da iyakar abin da caja za ta ja. Idan firji ya tashi, na'urar ta rage caji don jimlar kada ta wuce iyaka. Idan kayan gida suka fi ƙarfin janareta, ta daina caji gaba ɗaya ta ɗebo daga batir ta tallafa masa.

A Turai ma an iso wuri ɗaya ta wata hanya, hanyar jiragen ruwa. Ƙaramin jirgi idan ya tsaya a tasha, soket ɗin da ake ba shi yana da iyaka, wani amfiya 16, wani ƙasa da haka, ka wuce ta makunni ya faɗi. Kamfanin Victron na ƙasar Holan ya gina wa inbatocinsa irin wannan iyaka ta shigowar wuta, ya kira ta PowerControl, tallafin batir kuma ya kira shi PowerAssist. Daga baya ya ƙara saitin da ke ɗora wa ƙaramin janareta kaya sannu a hankali maimakon a jibga masa lokaci guda. Inbatocin Taiwan da Sin da suka cika kasuwanninmu sun gaji lambar ƙayyade cajin, amma da yawa daga cikin masu araha ba su gaji wayon rage caji da kansu idan kayan gida sun ƙaru ba. Wannan lissafin kai aka bar wa.

Me ke faruwa a cikin injin?

Ka tuna injin niƙa. Idan mai niƙa ya buɗe wa hatsi hanya da yawa, za ka ji injin ya yi nauyi, gudunsa ya ragu, in bai yi sauri ya rage ba ya mutu. Janareta ma haka yake. Michael Faraday ya gano a 1831 cewa maganaɗisu mai motsi kusa da waya yana haifar da wuta, a 1834 kuma Heinrich Lenz ya nuna cewa wutar da aka haifar takan yi turjiya ga motsin da ya haife ta. Ma'ana, duk amfiyar da ka ja birki ce a kan injin.

Ƙaramin janaretan fetur sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da zagaye 50 a daƙiƙa. Gwamnan da ke jikin kafireta shi ke ƙara mai idan kaya ya ƙaru, amma yana buƙatar ɗan lokaci, kuma idan ya buɗe maƙogwaro duka shi ke nan, babu ƙari. Gudu ya sauka zuwa 2,700, zagaye ya koma 45, bolt ma ya faɗi.

A nan ne bambancin caja da sauran kaya yake. Ƙwan fitila na da ko dutsen guga, idan bolt ya sauka, abin da suke ja ma sauka yake yi, injin ya samu sarari. Cajar zamani kuwa an umarce ta ta ba batir amfiya kaza ko ta halin ƙaƙa. Idan bolt ya sauka sai ta ƙara jan amfiya daga janareta don ta cike giɓin. Ƙarin ja ya ƙara birki, birki ya ƙara saukar da bolt, ita kuma ta ƙara ja. Cikin ƙiftawar ido wutar ta fita daga iyakar da inbata ke karɓa, sai ta saki. Injin ya huce, wuta ta daidaita, inbata ta jira 'yan daƙiƙu ta ga komai lafiya, ta sake kamawa. Kama-sakin kenan. Daidai akasin injin Kettering, inda saukar turi ke rage ja.

Gero da ƙaiƙayi

Akwai wani nauyin kuma da ba ya fitowa a allon inbata. Ka ɗora wa jaki buhun geron da ba a sheƙe ba. Jaki duka yake ɗauka, tsaba da ƙaiƙayi, amma tsabar kawai za ta shiga tukunya. Lambar kVA da ke jikin janareta nauyin buhun ce gaba ɗaya, wat kuma tsabar ce. Rabon tsaba a cikin buhu shi injiniyoyi ke aunawa daga 0 zuwa 1, mu kira shi kason amfani.

Cajoji masu sauƙin ƙira ba sa shan wuta a duk tsawon zagayen. Sukan jira sai igiyar wutar ta kai ƙololuwa su fizga da ƙarfi, sannan su saki. Wannan fizgar tana saukar da kason amfani zuwa 0.6 ko 0.7, tana dumama koyil fiye da yadda wat ɗin ke nunawa, tana kuma ɓata siffar wutar har ta rikita na'urar daidaita bolt ta janareta, wato AVR. A farkon shekarun 2000 Tarayyar Turai ta tilasta ƙa'idar rage irin wannan fizga, shi ya sa cajoji masu inganci yanzu suke kai 0.95 ko fiye. Amma ba duk abin da ke kasuwa ne ke da wannan gyara ba.

Sai kuma litiyam, wanda ya ƙara tsananta lamarin. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, a 1997 kuma ayarin John Goodenough na Jami'ar Texas ya wallafa bincike kan nau'in da ke da ƙarfe da fosfet, wanda shi ne ke cikin yawancin baturan sola na yau. Batirin dalma yana da ɗan tausayi: idan ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari, abin da yake karɓa yakan yi ta raguwa, injin ya huta. Kuma ba a so a ba shi fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girmansa, wato amfiya 20 zuwa 40 ga mai 200Ah. Litiyam mai wannan girman yakan iya karɓar amfiya 100, kuma zai riƙe jan nan har sai ya kusa cika. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce janaretansa lafiya yake da tsofaffin batura, daga sauyawa zuwa litiyam ya fara ƙonewa.

Yanzu lissafin

Mu ɗauki gida mai batir bolt 24, 200Ah, da janaretan da aka rubuta wa 2.5kVA da manyan baƙaƙe. Duba ƙaramin allon da ke gefensa, za ka ga lamba biyu: ta ƙoli, wadda yake iya riƙewa na ɗan lokaci, da ta aikin yau da kullum. A ce ta biyun 2,000 ce.

Idan an bar caji a amfiya 60, ga abin da ake nema. Batirin bolt 24 yakan hau zuwa 28.8 lokacin caji. Ninka 60 da 28.8, wat 1,728 kenan. Caja tana asarar wani abu a zafi, a ce kashi 85 cikin ɗari ne ke isa batir, to daga janareta za ta ja kimanin wat 2,030. Idan kason amfaninta 0.7 ne, buhun da aka ɗora wa injin ya kai 2,900. Ba a ma kunna fanka ɗaya ba tukuna.

To mu juya lissafin, mu fara daga injin kamar yadda Kettering ya yi. Kada ka nemi fiye da kashi 75 cikin ɗari na 2,000 idan aikin na awanni ne, saura 1,500. Cire abin da gida ke sha a lokacin, don shi ma ta cikin inbata yake wucewa daga janaretan: a ce fankoki, fitilu da talabijin 400 ne, saura 1,100. Ninka da kason amfani, mu ɗauki 0.8, ya zama 880. Ninka da 0.85, ya zama 748. Raba da 28.8, ka samu kusan amfiya 26. Lambarka 25 ce, idan kuma na'urarka goma-goma take tsallakawa, ka zaɓi 20.

Lura da abu ɗaya da ke yawan ruɗa mutane. Da batirin bolt 48 ne, wannan wat 748 ɗin amfiya 13 kawai zai ba ka. Amfiya 20 a bolt 48 ninki biyu ce ta amfiya 20 a bolt 24, don haka kada ka kwafi lambar maƙwabcinka. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, mai lamba 950 a jiki, aikinsa na yau da kullum bai wuce wat 650 ba. Ko babu komai a kunne, abin da zai iya kimanin amfiya 23 ne a bolt 12, 11 a bolt 24, ƙasa da 6 a bolt 48.

Wuri ma yana da tasiri. Injin fetur yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na yin shara-shara. Mazaunin Jos, da ke sama da mita 1,200, ya rage fiye da kashi 10 tun kafin ya fara lissafi. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri shi ma yana rage ƙarfin inji, yana kuma hana koyil hucewa.

Idan ka shiga saitin, ka bambance lambobi uku. Akwai jimlar caji, ta sola da ta layi a haɗe. Akwai cajin layi shi kaɗai, wannan ita ce taka, ita za ka rage, ka bar ta sola yadda take don kada ka tauye wutar da rana ke ba ka kyauta. A wasu na'urorin kuma iyakar a ɓangaren shigowar AC ake sa ta, inda amfiya 6 a bolt 230 ta kai kusan 1,400. Littafin na'urarka zai nuna maka wace ce wace. Akwai kuma zaɓin faɗin wutar da inbata ke karɓa: ƙunƙuntaccen zaɓin da aka yi don kwamfuta yakan ƙi wutar ƙaramin inji, mai faɗin ya fi haƙuri da ita. Ka bar injin ya yi ɗumi minti biyu ko uku kafin ka jona, ka fara da lamba ƙarama, ka riƙa ƙarawa kana sauraro. Da muryarsa ta fara nauyi, koma baya mataki ɗaya.

Sai dai fa kada tsoro ya sa ka yi ƙasa da yawa. Injin fetur yana shan mai sosai ko da kayan da ke kansa kaɗan ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 kowace awa kuɗi ce. Batirin 200Ah da ya sha rabi yana bin bashin 100Ah. A amfiya 20 awa biyar ne da ɗoriya, a amfiya 10 ya haura awa goma. Mai batirin dalma dabarar da ta fi masa ita ce ya tayar da inji da sassafe ya kai batir kashi 80, ya kashe, ya bar rana ta ƙarasa sauran, don wannan ƙarshen a hankali yake shiga ko da wane irin inji ne. Kuma ya tabbatar batirin na cika fal a kai a kai, in ba haka ba fallayen za su yi ɓawon gishirin dalma su mutu da wuri. Duk tsawon awannin nan kuma injin ya kasance a fili, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ta sha kashe iyali guda a cikin barci.

Manomin Ohayo na 1916 bai taɓa yin wannan lissafi ba, don injiniyan Dayton ya riga ya yi masa. Kai kuwa janaretanka daga wani kamfani yake, inbata daga wani, batir daga na uku, kuma babu ɗayansu da ya san da zaman sauran. Wanda ya san su duka ukun kai ne. Kafin hazo na gaba ya sauko, ɗauki biro ka je ka kwafo lambar da ke ƙaramin allon gefen injinka, ka yi lissafin sau ɗaya, ka rubuta amsar a jikin bango kusa da inbata.